Surukar Mai Bishara

A shekarar babban farin nan, wadda gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, Inna, mahaifiyata, ta zo garinmu. Ni Barira, a lokacin ina auren mai bisharar wata 'yar majami'a a unguwar Maguzawa, gabas da Shanono. Har yau ma ina aurensa, in ana son a sani. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka nake ce masa.

Ba da son ranta Inna ta zo ba. Babanmu ya daɗe da rasuwa, yayana ya tafi cin rani Kano ko saƙo bai aiko ba, ita kuma ta share rumbunta har ƙasa a ƙauyensu can wajen Kunci. Sai da na je da kaina na yi ta kuka kafin ta ƙulle 'yan tsummokinta ta biyo ni. Muna isa ƙofar gidanmu ta ja ta tsaya. Ta ce ko yunwa za ta kashe ta ba za ta kwana a gidan surukinta ba. Dole na kai ta wurin Sauda, wata tsohuwa Musulma da danga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Sauda ta shimfiɗa mata tabarma ba tare da ta tambaye ta komai ba.

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ƙiyayya ce. Ko kusa. Inna tana ji da Malam, a bayan idonsa ba ta da zance sai kirkinsa. Amma a wurinmu suruka ba ta haɗa ido da mijin 'yarta, ba ta cin abinci a gabansa, in ta hango shi a hanya sai ta ratse cikin gona. Shi kuma daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, kuma sunanta ba ya fita daga bakinsa har ya koma ga Allah. Malam ya san wannan sarai, a cikinsa aka haife shi. Shekara uku da ya yi a makarantar koyon wa'azi ba su isa su mantar da shi ba, sai dai in shi ya ga damar mantawa.

Inna ba mai bi ba ce, wato ba Kirista ba ce. Abin da ta tarar iyayenta suna yi shi take yi, duk gabatowar damina sai ta yanka wa iskokin gidansu jan zakara. A wannan shekarar ta yanka na ƙarshe da ya rage mata, ruwa kuwa bai zo ba.

Majami'armu ɗaki ne na ƙasa mai taga biyu. Lahadin farko da zuwanta, muna cikin waƙa na leƙa na gan ta zaune a waje ƙarƙashin taga, ta jingina da bango, tana tsinke ganyen yaɗiya cikin ƙwarya. Da na tambaye ta sai ta ce inuwa ta biyo. Lahadi ta biyu ba ta ba da wani dalili ba, ni ma ban nema ba. Haka ta riƙa yi har wajen wata biyu.

Wata rana muna neman ganye a bayan gari ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Abin nan da maigidanki yake faɗa, wai Yesu yana kiran kowa. Har da tsofaffi?"

"Har da su, Inna."

"Har da wadda ta tsufa tana yanka zakara?"

"Ita ce ma a kan gaba."

Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "To ni na ji kiran. Ina son in shiga."

Na yi murna ƙwarai. Amma kafin mu kai gida murnar ta ragu, don na tuna yadda ake shiga. A ƙarshen wa'azi Malam yakan ce wanda ya ji kiran Allah ya tashi ya zo. Mutum ya taka zuwa gaba, ya durƙusa, Malam ya kira sunansa, ya ce ya dube shi ya amsa da bakinsa, sannan ya ɗora masa hannu a ka ya yi addu'a. A cikin wannan duka babu ko ɗaya da Inna za ta iya a gaban surukinta.

Da yamma na kai masa ɗan tuwon dusar da muka samu, na durƙusa na gaya masa. Na ce, "Malam, ka bar Baba Nababa ya karɓe ta." Baba Nababa shi ne dattijon ikilisiyarmu, sa'an babanmu ne. "Ko kuma ranar ka ɗan zaga bayan gari, in an gama ka dawo."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "In fita daga ɗakin Ubangiji don al'ada ta shigo? Wanda kunyar mutum ta fi masa kiran Allah nauyi bai buɗe zuciyarsa ba tukuna."

"Ba kunyar Allah take ji ba, taka take ji."

"Ta ajiye ta a bakin ƙofa. Kowa da abin da ya ajiye kafin ya shigo."

"Kai me ka ajiye?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Na kwashe kwanon ina jin zuciyata tana tafasa.

In faɗi gaskiya, Malam ba mugu ba ne. Na sha ganin ya tura wa yara rabonsa ya ce ya ƙoshi. Amma shekarar nan ta taɓa shi a wani wuri da ban sani ba. Duk mako sai wani gida ya ɗaure kaya ya nufi Kano ko kudu, majami'ar da a da ba a samun wurin zama ta koma ana jin amsa-kuwwa in ya ɗaga murya. Waɗanda suka rage kuma suna gyangyaɗi saboda yunwa. Yana neman abin da zai farkar da su, ga shi kuwa ya ga tsohuwar Bamagujiya a ƙarƙashin tagarsa.

Lahadin da abin ya faru ya yi wa'azin da ban taɓa jin ya yi irinsa ba, kuma ba zan hana shi wannan ba. Ya ce, "Ku manoma ne, kun san jigawa kun san fako. Ruwan da ya sauka a wannan shi ne ya sauka a wancan, ba a yi wa kowa rowa ba. Jigawa ta buɗe ta sha. Fako ya ƙanƙame, ruwa ya bi ta kansa ya wuce. Allah ba ya ɓalle ƙofar kowa, 'yan'uwa. Sallama yake yi ya tsaya. Bai ce sai ka ƙoshi ba, bai ce sai kana da rigar kirki ba. Ya ce ka zo yadda kake." Mutanen da suka shekara ba su ji ƙamshin ruwan sama ba, ana yi musu zancen ruwa, sai hawaye. Ni ma na yi kuka.

Sannan ya ce wanda ya ji kiran ya tashi ya zo. Ba wanda ya motsa, don duk wanda ke cikin ɗakin ya riga ya tashi tun shekaru. Ya sake faɗa. Ya faɗa karo na uku. Sai na ga ya sauko ya bi ta gefen mata ya nufi taga. Na ɗauka iska zai sha. Ya dafa bangon ya zura kansa waje.

"Hure," ya ce. "Ke nake kira. Ɗago ki dube ni. Ubangiji yana tsaye a ƙofarki, har yaushe za ki zauna kamar fako?"

Ko ni da ta haifa ban taɓa faɗar sunan nan ba. Matan da ke kusa da ni suka rufe fuskokinsu da mayafi. Baba Nababa ya sunkuyar da kai kamar shi aka zaga. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na samu na fita, Inna ta riga ta ja zane ta lulluɓe kanta, ta bar ƙwaryar ganyen a wurin. Tsohuwar da sai ta huta sau biyu kafin ta kai rijiya, ranar da ƙyar na hango bayanta tana shiga gidan Sauda.

Ta shige ɗaki ta ƙi ganina. Na yi magiya a bakin ƙofa har rana ta faɗi, Sauda ta ce in bar ta ta huce. Washegari da sassafe na koma, na tarar da Sauda zaune ita kaɗai a tsakar gida.

"Ta tafi tun kafin gari ya waye sosai," ta ce. "Na riƙe ta, ta ce in sake ta don girman Allah."

Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani baƙin zanen saƙi a ninke. Na san shi, shi ne zanen da Inna take ajiyewa don biki. An wanke shi tas.

"Kin san yadda ruwa yake a garin nan," in ji Sauda. "Kwana uku tana rage na shanta tana tarawa a tukunya, da shi ta wanke wannan. Ta san ƙarshen wata maigidanki yakan tafi wa'azi wani ƙauye. Ni ta aika wurin Nababa, na je da ƙafata. Sun shirya Lahadi mai zuwa za ta shiga, shi zai karɓe ta. Ta ce kada a gaya miki, tana son ki waiga kawai ki gan ta a ciki. Ni ba addininku nake yi ba, 'yar nan, amma ban taɓa ganin wanda ya shirya wa abu kamar yadda ta shirya wa wannan ba."

Kwana bakwai kacal suka rage mata. Na ƙulle ɗan garin rogon da ke gidan, ban yi wa kowa sallama ba, na bi ta. Sai bayan la'asar na isa ƙauyensu. Na same ta zaune a inuwar rumbun da babu komai a cikinsa, ƙafafunta sun kumbura.

Kwana uku na yi ina lallashi. Na ce, "Inna, ai ba shi ne mai kiran ba, shi ɗan aike ne."

"Na sani."

"To ki zo mu je wata majami'ar, akwai ta nan kusa."

"Ina ne labari bai kai ba? Duk ƙofar da na taka za a ce ga wadda surukinta ya kira da suna a bainar jama'a, ta kuma taso ta zo. Da wane ido zan dubi mutane?" Ta gyara zama. "Ki koma ɗakinki. Kuma kada ki yi masa rashin kunya saboda ni, mijinki ne."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Shi ya tsiraita ta a gaban gari, ita kuma tana nan tana kare masa mutunci.

Na damƙa ta a hannun wata maƙwabciyarta na dawo. A bakin gari na ci karo da Baba Nababa a gindin ɗorawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar.

"Laifina ne, 'yata," ya ce. "Ni na gaya wa mijinki Sama'ilu tun ranar Juma'a, kafin wa'azin nan. Na ga bai dace a yi abu a ikilisiyarsa bai sani ba. Na ɗauka murna zai yi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tarar da Malam a ƙofar gida ya kifa kekensa yana yi wa taya faci, yana shirin tafiyar ƙarshen wata. Ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba.

"Malam, ka san Lahadin nan za ta shiga?"

Ya ci gaba da goga roba. "Na sani."

"Ka sani, ka yi abin da ka yi?"

Ya shafa wa facin gam. Ina tsaye ina jira ya ce kuskure ne, ko ya ce wa'azi ne ya kwashe shi, da na karɓa. Ya hura facin ya danna shi da babban yatsa.

"Wata biyu ina wa'azi saboda ita, Barira," ya ce. "Ni in yi noma, wani ya zo ya girbe?"

Na dube shi, mutumin da ya tsaya ya ce Allah ba ya ɓalle ƙofar kowa. Maganganu sun cika mini baki, amma Inna ta riga ta ɗaure mini harshe. Na wuce ciki na hura wuta, ko da yake babu abin ɗorawa.

Ranar Lahadi ya hau kekensa ya tafi. Baba Nababa ya jagoranci sujada a majami'a. Bai iya wa'azi ba, ya ɗan yi abin da ya sawwaƙa, a ƙarshe ya ce, kamar yadda aka saba, wanda ya ji kiran Allah ya tashi ya zo. Ya san ba ta garin, ni ma na sani. Duk da haka ya tsaya yana duban ƙofa har mutane suka fara motsi a kan benci, sannan ya ce mu tashi mu yi addu'a.

Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya, ba ta taɓa taka ƙofar majami'a ba.