Kiran da Abarci Ya Sayar

Abarci na shirin kai lomar tuwo baki, bayan sallar isha'i, sai ya ji kansa yana kiran awaki a bayan katanga.

Ya tsaya da lomar a hannu. Muryarsa ce: dogon kukan nan mai hawa sama, ya karye a tsakiya kamar an taka busasshen kara, sannan ya gangaro a hankali. Sai dai akwai ganga a ƙarƙashinsa, kuma shi bakinsa a rufe yake.

"Habi, kin ji abin da ni ji?"

"Na ji ka," in ji matarsa. "Amma ga ka nan zaune."

Kafin ya ajiye akushi unguwa ta hargitse. Awakin maƙwabciyarsu Hawwa'u suka ture ƙyauren kwano, na sauran gidaje suka tsinke igiyoyi, duk suka nufi gindin aduwar da yake tara su kowace safiya. Shekara talatin da 'yan kai yana kiwon awakin unguwar, da wannan kira da ya gada wurin mahaifinsa Jimrau. Babu akuyar da ke fita don wani sauti in ba shi ba. Da ba su iske shi a gindin aduwa ba, sai suka faɗa wa harawar Elhaji Rabo.

"Tsufa ne ko mi?" in ji Elhaji da Abarci ya fito, yana haska shi da tocila. "Wa ke kiwo yanzu?"

"Wallahi ban yi kira ba, Elhaji."

"To aljaninka ya yi. In aka sake, sai mu nemi wani."

Da safe ya yi kiransa, awaki suka fito, ya kora su hanyar Birnin Lalle. Ya bar su wurin Ɗayyabu, mai kiwon unguwar gabas, ya juyo cikin garin Dakoro da ƙafa. Sau uku ya gamu da kansa a hanya. Ya ji kansa a aljihun wani ɗan kabu-kabu, ya ji kansa a teburin mai shayi, ya ji kansa cikin wata motar da ta yi lodin Azagor. Ya yi ta tunanin ko murya ma tana gajiya in ta yini tana yawo babu mai ita.

A bakin kasuwa ya iske Nafi'u, mai cajin waya da tura waƙoƙi, a tsakiyar wayoyi kamar kaza cikin 'ya'yanta.

"Ga tauraro ya iso," in ji Nafi'u. "Baba, tun shekaranjiya mutum nawa na tura wa kai? Har na daina ƙirga."

Ya juyo masa fuskar waya. Wani saurayi ne da baƙin tabarau, wai shi Ɗan Haula, mawaƙi a Yamai, yana rawa a kan rufin mota. Waƙar da kiran Abarci take farawa, kuma duk inda mawaƙin ya tsaya shan iska, kiran ke dawowa. 'Yan mata a garuruwan da Abarci bai taɓa jin sunansu ba suna buɗe baki, muryarsa tana fitowa.

"Cire ni," in ji Abarci.

"Daga ina?"

"Daga ciki."

Nafi'u ya daina dariya. "Baba, ruwan da ya shiga rairayi ne. Kuma bari ka ji wani abu. Jiya da safe na ɗauke ka kana kira, na sa a shafina don a san mai abu. Ko rabin awa ba a yi ba masu manhajar suka kashe sautin. Wai na wani ne, na yi sata. Ka taɓa sa hannu a wata takarda?"

Abarci ya tuna. Bara bayan girbi wasu samari suka zo da wani abu mai gashi kamar gafiya a kan sanda, suka miƙa masa shi kusa da baki, ya yi kira sau biyar. Suka ba shi rawani baƙi da sukari da ganyen shayi, ya dangwala yatsa. A lokacin har tausayinsu ya ji, mutanen da ke ba da rawani a kan iska.

Ya koma gida da sauri, ya zaro takardar daga gwangwanin da Habi ke ajiye katin rigakafin dabbobi, ya nufi meri, ofishin magajin gari. Ya zauna a benci, ya tashi, ya zagaya, ya sake zama. Sai bayan azahar Zakariya sakatare, ɗan wani tsohon abokinsa, ya samu sarari ya karanta masa faransancin.

"Kontara ce, Baba, takardar yarjejeniya. Ta ce ka bar musu sautin, su yi abin da suka ga dama da shi, a duniya duka, har abada."

"Dakoro na cikin duniya duka?"

"Tana ciki."

"To in mai da musu rawaninsu. Sau biyu kaɗai na naɗa shi. Sukarin dai mun sha."

Zakariya ya dube shi, ya ɗauki wayarsa, ya buga lambar da ke ƙasan takardar, ya buɗe sauti. Maimakon ƙarar jira, kiran Abarci ne ya cika biro ɗin, wato ofishin Zakariya. Wata akuya da aka ɗaure a ƙofar meri ta fara fizgar igiya. Ba wanda ya ɗauka. Suka sake, ba a ɗauka ba.

"Akwai biro ɗin haƙƙin mawaƙa a Yamai," in ji Zakariya. "Amma takardar nan za su fara tambaya, kuma yatsanka ne. Ni dai abin da na fahimta, wancan da suka naɗa shi ne nasu. Bakinka naka ne."

"Wancan da wanga duk ɗaya ne. Ba ni da biyu."

"Kira abinka, Baba. Wa zai taso daga Yamai don ya ji ka?"

Abarci ya ninke takardar a hankali. "Ɗana, in na sai da maka akuya, na bi dare na tatse ta, mi sunana? Ko ba ka gani ba."

Da yamma ya karɓo awaki wurin Ɗayyabu, ya koro su da sanda bai buɗe baki ba. A tsakar gida ya yi ta gwada sababbin sautuka a kan akuyarsu guda. Ya yi fito, ya tafa, ya kaɗa harshe, ya buga ƙwarya. Akuyar ta ci gaba da tuƙa.

"Ita ma ta san ba kai ne ba," in ji Habi. "Malam, mutane za su ce ka taɓu."

"Gara haka da ɓarawo."

Washegari rana na fitowa ya tsaya a gindin aduwa. Mata suka kwance igiyoyi, suka buɗe ƙyamare, suka tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito. Wani bunsuru ya ɗaga kai, ya mayar. Ya tafa, ya buga sanda a jikin itacen har ɓawo ya zubo. Awaki suna leƙowa daga zaure suna kallonsa, ba wadda ta taka waje. Elhaji Rabo ya fito da tasbaha a hannu, ya jingina da bango.

Kiran ya taso wa Abarci har maƙogwaro. Ya haɗiye shi.

Hawwa'u ta gyara goyonta, ta matso kusa yadda ba kowa zai ji ba, ko da yake kowa ya ji. Wayarta na cikin tafin hannunta.

"Baba Abarci," ta ce, "in kunna maka?"