Ɗingishin Kaka

A rawar gidanmu akwai wurin da ake ɗingisawa da ƙafar hagu. Baffa, wanda ya gaji ƙungiyar daga Kaka, ya ce ɗingishin nan shi ne ran rawar, wai manomi ne ya gaji yana komawa gida. Haka yake zuba wa baƙi, su kuma suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Ni ne a gaban layi, don duk cikinsu babu mai ƙafata. Sauran ƙattin, in ka ɗauke ganga, tafiya ma sai an nuna musu.

Wata rana muna gwaji a tsakar gida, Goggo tana shanya, ta yi dariya har da hawaye.

"Wai har yanzu ɗingisawa kuke? Ai daga tsani Baba ya faɗo yana gyaran rufi. Kafin nan tsalle yake yi a wurin, sai ka rantse ba zai sauko ba."

"Yaya, shiga ɗaki," in ji Baffa.

"Na shiga. Tsanin dai yana nan jingine, in kuna so ku sa shi a rawar."

Da aka gayyace mu wasa a babban ɗakin taro, muna rawa muka iso wurin ɗingishin, sai na daka tsalle. Yara suka ɗauki ihu. Baffa bai bari mun fita daga ɗakin canza kaya ba.

"Kai ka fi Kakanka sani? Tuɓe rigar."

"Baffa, ciwo fa muke rawa."

"Tuɓe, na ce!"

Ya ba Dogo gaba, mutumin da ko ƙafar da zai ɗingisa mantawa yake.

Na koma dako a shagon siminti. Ban daɗe ba buhu ya zame mini, na gurɗe idon sawun hagu. Na shigo gida ina jan ƙafa, Baffa yana zaune a bakin ƙofa yana sakace.

"Kai, koma ka sake tahowa in gani."

Na koma, na taho. Ya miƙe har hularsa na faɗuwa.

"Dogo, zo ka ga asali! Haka Baba yake yi, wallahi. Kai kuma, gobe ka karɓi rigarka."

Na karɓa, don rawa ta fi siminti sauƙi. Ƙafar ta warke tuni, amma ina gaba ina ɗingisawa, ƙatti masu lafiya na bina a baya, ana tafi. Goggo kuwa in na wuce sai ta ce, "Sannu Baba, ya jiki?"