Zabiyar Gwadabe

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin takalman roba da ke Sharada a wajajen 1978 ya san zancen zabiyar Gwadabe, ko yana so ko ba ya so. Gwadabe shi ke kula da injin narka roba a sashenmu. Mutumin kirki ne, amma in ya kama zance sai dai kai ka gaji.

Wani injiniya Bature ne da zai koma gida ya bar masa babban faifan waƙa guda. Babu hoton mutum a bangon, sai zanen wani kifi mai fikafikai yana shawagi a kan kufai. Dama Gwadabe yana da garmaho na hannu da ya saya a Sabon Gari tare da ƙananan fayafayai, kuma mai kantin ya ja masa kunne: "Ɗora faifai, ka sauke allura. Kada ka taɓa komai." Ya riƙe maganar nan kamar wasiyya.

Tun daga nan muka shiga uku. Ana hutun rana, muna fama da shinkafa da wake, sai ya buɗe baki.

"Waƙa ɗaya fa ta cinye gefe guda! Ana cikin kiɗa sai a yi tsit, sai sarewa, sai ganguna su ɓarke. Progressive rock Turawa ke ce masa. Amma muryar yarinyar nan, wallahi in ta ɗauko waƙa tsigar jikina tashi take yi."

Bai san sunanta ba, bai ji ko kalma ɗaya daga abin da take faɗa ba, amma ya tabbatar mana siririya ce kuma marainiya. Muka sa masa suna Angon Baturiya. Maimakon ya ji haushi, sai ya riƙa amsawa.

Da muka matsa masa cewa ƙarya yake yi, sai ya ce mu zo ranar Lahadi bayan la'asar, ji ya kori ji. Ya share ɗakinsa na haya a gidan tsohuwa Hajjo, ya aro tabarmi, har da lemon kwalba. Na je da ɗan ƙanwar babata, Inuwa, mai gyaran wuta a Bompai, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Aka sauke allura. Gaskiya kiɗan da daɗi, sai dai gudu yake yi kamar an biyo shi. Zabiya ta shigo da 'yar muryarta, Gwadabe ya lumshe ido. Inuwa kuwa ya ƙura wa garmahon ido.

"Yaya Gwadabe, wa ya bar maka gudun wannan a kan arba'in da biyar? Ai na ƙananan fayafayai ne. Babba a talatin da uku ake sa shi."

Kafin Gwadabe ya ce kada a taɓa, Inuwa ya murɗa maɓallin. Kiɗan ya ja numfashi, ya natsu. Zabiya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, sai ga muryar wani ƙaton namiji, irin wanda ko ba ka gan shi ba ka san yana da gemu.

Me za mu yi in ba dariya ba! Alhassan direba har da faɗuwa, yana cewa, "Ango, ashe da suruki kake ta hira!" Hajjo ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu.

"Alhamdulillahi, yau an sallami yarinyar nan mai tsiwa? Gara da ubanta ya karɓa."

Gwadabe bai yi dariya ba. Da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni, don ba kunya kaɗai ba ce, rashi ya yi. Ya miƙa hannu zai ɗage allurar, yana cewa duk mai so ya ɗauki faifan ya tafi da shi, shi ya gama.

"Dakata tukuna," in ji Alhassan, yana share hawayen dariya. "Wannan sarewar fa?"

Muka kasa kunne. Sarewar da ɗazu ta wuce fuu, yanzu tafiya take yi a hankali, wani molo yana ba ta amsa daga nesa. Mai ganga ya canza taku, muka ɓata, muka sake kamo shi. Mai gemun ya dawo, muryarsa a ƙasa, kamar yana lallashin wani. Ba wanda ya ƙara tsokana. Hajjo ma ta zauna a bakin ƙofa, ta bar miya a wuta.

Hannun Gwadabe yana nan a sama, bai ɗage allurar ba, har ta kai ƙarshe don kanta. Alhassan ya tambaye shi ko ɗaya gefen ya kai wannan daɗi, tunda shi ne ya san faifan ciki da waje.

Sai murmushi ya ƙwace wa Gwadabe.

"Ina na sani? Inuwa, juya mana shi. Ni ma ban taɓa jin sa yadda yake ba."