Dabinon Matafiyi

"Liman, don Allah ɗaga ƙafa. Tsohuwar nan ba jiranmu za ta yi ba," in ji Tanuf.

"In kwananta ya ƙare, ko gudu na yi ba zan ƙara mata numfashi ba," in ji Liman Nuhu. Ya ma tsaya yana kakkaɓe yashi daga takalminsa.

A bayansu Kamis masunci yana tafe yana ƙorafin an raba shi da komarsa. Shaidu biyu ke nan, kuma sai da Tanuf ya sha rana kafin ya haɗa su.

Duk wannan wahalar a kan dabino guda ce. Tanuf yana da fili a bakin teku, gadon mahaifinsa, kuma wani dillali daga birnin Hadibu ya ce zai saya ya kafa wa baƙi masu zuwa kallon tsibirinsu na Sukutra bukkoki. Da kuɗin filin Tanuf zai ƙetara teku zuwa birnin Salala, inda wan matarsa ya yi masa alkawarin aiki. Sai dai a tsakiyar filin akwai bishiyar dabino ta maƙwabciyarsa, Inna Ɗayyiba. Ƙasar tasa ce, bishiyar tata, tun ranar da mijinta marigayi ya dasa ta da yardar mahaifin Tanuf. Dillali kuwa ya rantse ba ya sayen fili da bishiyar wani a ciki, gobe a shigo masa da kwando tsakiyar baƙi a ce an zo tsinka. In tsohuwar ta cika ba ta ce komai ba, bishiyar ta zama ta magada, su kuwa sun watsu a biranen ƙetare, daga Mukalla har Ajman, rabinsu ba sa ga-maciji da juna. Ga jirgin ruwa na ƙarshe yana lodi a Hadibu, kafin iska ta taso ta rufe teku wata da watanni.

Tun yana saurayi Tanuf yake cewa bana zai tafi. Har furfura ta fara leƙo masa bai wuce Hadibu ba, shi ya sa duk ƙauyen Matafiyi suke kiransa, kuma Inna Ɗayyiba ce ta laƙa masa sunan. Tun da ta kwanta yake kai mata kifi da nonon akuya. Takan cinye, ta sa masa albarka, da ya ɗauko zancen dabino sai barci ya kama ta. Sai da safen nan matarsa Sulaima, wadda ke jinyarta, ta leƙo ta kan katanga ta ce Inna ta ce a kawo shaidu.

Ɗakin na dutse ne, ƙofarsa gajera, sai an sunkuya. Hayaƙin turaren lubban ya cika shi. Tsohuwar tana kwance a tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya, Sulaima na yi mata fifita. Tanuf ya durƙusa ta bakin ƙofa.

"Inna, ga Liman, ga Kamis."

Ta buɗe ido. "Kamis? Duk garin nan ba ka sami mai hankali ba?"

"Ina wuni, Inna," in ji Kamis. "Da sauƙi dai, tunda bakin yana nan."

"Kai kuma har yanzu kana nan?" ta ce wa Tanuf. "Na zaci kana Salala."

"Ke nake jira, Inna."

"Ni ma tafiyar zan yi, kuma zan riga ka. Ba guzuri, ba kuɗin jirgi."

Liman ya yi gyaran murya, ya ce ta faɗi abin da ta tara su dominsa. Ta daɗe tana tattara numfashi.

"Ku shaida," ta ce. "Dabinon nan na bakin ruwa, ban bar wa 'ya'yan 'yan'uwana ba. Ko sau ɗaya ba su ba shi ruwa ba. Na matafiyi ne."

Tanuf ya buɗe baki zai yi godiya, Liman ya riga shi.

"Allahu akbar! Wakafi ta yi. Duk ɗan hanya ya ci, ba a sayarwa, ba a sarewa, ba a gado. Allah ya kai ladan kabari."

"Wane irin wakafi, Liman? Ni take nufi! Waye Matafiyi a garin nan in ba ni ba?"

"Sunanka na yanka Tanuf."

"Ita ta sa min sunan!" Ya matso ya kama hannunta. "Inna, wane matafiyin? Ni, ko duk mai wucewa? Kalma ɗaya, don girman Allah."

Ta dube shi, leɓenta ya motsa kamar za ta yi dariya. "Kai dai ka cika gaggawa," ta ce. "Sulaima, ba ni ruwa."

Ta kurɓa, ta lumshe ido. Suka zauna jiran ta farka. Aka yi azahar ba ta farka ba, kafin la'asar Sulaima ta ajiye mafici ta yi salati.

Tanuf ne ya haƙa kabarin, don ba namijin da ya fi shi kusa da ita. Ƙasar maƙabarta duk dutse ce, ya yi ta sara har tafinsa ya fashe. Haushinta yake ji, haushi na gaske, kuma ga hawaye ya ƙi tsayawa, don tun yana rarrafe a ƙofar matar nan yake cin tuwon dawa. Da aka gama rufe ta, ya ja Kamis gefe.

"Tsakaninka da Allah, me ka gani?"

"Ni dai matafiyi na ji. Amma kai take kallo."

"To je ka faɗa wa Liman!"

"Sai dai kuma ƙofa tana bayanka, hanya tana bayan ƙofa. Ka ga ba zan iya rantsuwa ba."

Liman bai yi masa gardama mai tsawo ba. Ya ce mai yiwuwa Tanuf ne, mai yiwuwa ba shi ba ne, amma shi ba zai ɗauki abin da ake zaton na Allah ne ya miƙa wa dillali ba. Dillalin ya zo gaisuwa, ya sha shayi, ya yi addu'a mai kyau, a bakin mota ya ce ya ga wani fili a ƙauyen gaba wanda ko ciyawa babu. Jirgin ya tashi da waɗanda suka shirya.

"Ke kika yi jinyarta," Tanuf ya ce wa Sulaima suna cin shinkafa. "Ba ta gaya miki komai ba?"

"Ta ce kai kaɗai kake ba dabinon ruwa."

"To, wannan kyauta ce ko ɗauri?"

"Ci abincinka, malam."

Iska ta zo kamar yadda ta saba, ta kwashe yashi ta zuba a ƙofofi, masunta suka ja kwale-kwalensu tudu suka danne da duwatsu. Dabino ya nuna a cikinta. Wata ranar hantsi Tanuf yana gyaran katangar filin da ba mai saye, sai ga wani makiyayi ya gangaro daga duwatsu da sanda a kafaɗa, mutumin da bai taɓa gani ba. Ya yi sallama.

"Ɗan'uwa, an ce akwai dabinon matafiya a nan. Wannan ne?"

Tanuf ya dube shi, ya dubi tekun da ke ta tafasa babu ko tsinke a kansa. Ya ajiye dutsen da ke hannunsa.

"Ta ɗaya gefen ake hawa," ya ce. "Kawo sandar in riƙe maka."