Lissafin Malam Nasidi a Bakin Ruwa

"Taku goma sha biyu cikin kwana huɗu," in ji Malam Nasidi, yana nuna turakun da ya kakkafa a bakin ruwa. "To, kwana guda hwa? Taku nawa ruwan ga ka ci?"

Yara biyar kaɗai suka rage masa. Tun da aka toshe gulbi da madatsar ruwa a Bakolori ruwa ya fara tasowa, aka rufe makarantar ƙauyenmu, mutane suka yi ta kwashe kaya zuwa sabon matsuguni a kan tudu, ta wajen Maradun. Shi kuwa Malam sai ya mayar da bakin ruwan aji.

"Ukku, Malam!" wata yarinya ta ce.

"Ƙaƙa kinka yi?"

"Na raba sha biyu gida huɗu."

"Madalla. Haka ake yi da komi. Tahiyar jaki, dakan mata, ci gaban ruwa, ku nemi na guda tukuna. Sauran duk su biyo."

Ni na daɗe da gama firamare a hannunsa. Danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa, kuma ranar na rako mahaifina ne, Baba Jatau, wanda ya tsaya da fartanya a kafaɗa har aka gama gaisuwa mai tsawo.

"Malam, sallami yaran ga ka hwaɗa mini gaskiya," Baba ya ce. "Gerona da ruwan ga, wa ka riga wani? Motar kwashe mutane ta ƙarshe jibi za ta tashi. Waɗanda sunka tahi an ba su hili, har sun shuka wake. In na tsaya, na rasa wancan."

Malam ya juya. Ya taka daga turken ƙarshe har gonakinmu, muna biye da shi, leɓensa na motsi.

"Ɗari da hamsin," ya ce. "A ukku-ukku, kwana hamsin ke nan. Gero wata guda ɗai shika nema. Tsaya, Jatau. Ni ma nawa na nan jikin naka."

"Kai da kunyar gonarka ka karkacewa awa sawun maciji, kai za ka koya mini noma?"

"Ban iya kunya ba, amma na iya rabawa."

Suka yi dariya. Baki goma sha ɗaya Baba yake ciyarwa, kuma a kan wannan magana ya bar motar ta tafi. Ni kam raina fari ƙal, domin tsayawarmu na nufin Indo, 'yar Malam, za ta ci gaba da leƙo kai ta kan danga tana tambaya ko muna da wuta. Ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar mahaifiyarta, ni kuma ita kaɗai nake gani a duk faɗin duniya.

Da farko ruwan ya bi maganar Malam kamar ɗalibi mai ladabi. Kullum da safe yara su matsar da turke, taku uku, ba ƙari. Gero ya fitar da kai, gonaki suka yi kyau har kallonsu na sa ƙirji ciwo. Ƙauyen ya yi shiru, ɗakuna ba jinka, karnukan da aka bari suna yawo.

Sai ruwan ya kai wata tsamiya da ke ƙarshen gangare. Daga nan zuwa gonakinmu ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma. Aka kuma wuni ana ruwan sama, aka sake wuni. Da gari ya waye ƙanena ya shigo da gudu yana ihu. Muka tarar da ruwa cikin gero har gwiwa, ja, yana tafe da kara da kashin awaki. Kafin azahar ya kai ƙugu.

Muka shiga da wuƙaƙe muna yanke kawuna, ko da yake idon geron bai yi ƙwari ba, in ka matsa sai farin ruwa ya fito. Ina ɗagowa na ga Malam ya tuɓe riga ya shigo. Mutum ne siriri mai tsohon tari. Bai nufi gonarsa ba, tamu ya shiga.

"Hita, Malam," na ce. "Sanyin ga ba naka ba na."

"Yi aikinka, Atiku."

Baba bai ko dube shi ba. Kwana uku muna cikin ruwan nan, mutanen biyu suna yanka kafaɗa da kafaɗa. Geron Malam ya nutse yana kallo. A rana ta uku wuƙar ta faɗi daga hannunsa, ya sunkuya zai lalubo ta, bai iya miƙewa ba. Ni na cicciɓo shi. Jikinsa kamar garwashi.

A kan jaki muka kai shi tudu, Indo na riƙe da ƙafarsa tana kuka ba sauti. A sabon matsugunin an gama rabon fili. Muka kafa bukkokin zana a gefe, kan tsakuwa.

Ranar da na shiga duba Malam, ya kama hannuna.

"Gangare na auna, Atiku. Ruwa na hawan tudu sannu, ni kau na ɗauka haka za shi yi ko'ina." Ya yi tari mai tsawo. "Ka nemo yaran nan. Ka ce musu kahin su raba, su duba ko ƙasar iri ɗaya ta. Ban koya musu wannan ba."

"Za ka hwaɗa musu da bakinka, Malam."

"Kira mini babanka."

Baba ya ƙi zuwa. Yana zaune yana kallon ƙannena suna shan kunu tsararo, ya ce shi ba shi da abin cewa. Sai washegari da la'asar, da ya ji tarin ya canza murya, ya tashi ya sunkuya ya shiga bukkar. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Jatau, na ci maka shekara."

"Ka ci."

Malam ya miƙo masa hannu.

"Ka yahe mini."

Baba ya zauna a ƙasa, ya gyara masa mayafi a ƙafa.

"Da ƙahwata na tsaya, ba ɗaure ni kay yi ba. Na yahe, duniya da lahira. Amma don Allah kada ka sake auna mini komi."

Malam ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Baba ya tallafe kan Malam yana maimaita masa kalmar shahada. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Da safe Baba ya hana kowa taɓa diga. Shi ya haƙa kabarin, ƙasar duk marmara, har tafinsa ya fashe. Mutanen ƙauyenmu suka zo, har da masu cewa a ɓoye ai boko ne ya kashe shi. Na nemi yaran nan biyar, biyu kawai na samu, na faɗa musu saƙon. Suka dube ni, ba su gane ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, na tarar Baba ya raba ɗan geron da muka tsamo gida biyu, ya sa an kai rabi ƙofar bukkar Malam. Indo ta shanya shi a kan zana. Tana durƙushe tana juya kawunan ɗaya bayan ɗaya, tana ware waɗanda suka yi baƙi, wata kaza na kewaya ta, ba ta kore ta ba.