Ƙofar da ke Kallon Gummi

Muttaka bai taɓa faɗa da Abdussamad ba, bai kuma taɓa sa hannu kwano ɗaya da shi ba. Irin ƙiyayyar nan ce da ake goyo a ciki, a yi sallama da ita, a shiga masallaci da ita. Wata ƙungiya suke yi wa aiki, mai ɗakunan gwajin jini a Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ake auna dalma a jinin yaran ƙauyukan da ake haƙar zinari. Muttaka ke kula da kwamfutocin Bukkuyum, Abdussamad ke kula da na Gummi.

Laifin Abdussamad guda ne: ɗan makiyaya ne. Bara 'yan bindiga suka tare yayan Muttaka a hanyar Zugu suka kashe shi, kowa kuma ya ce sai da wani ya tsegunta musu hanyar da zai bi. Har yau ba a san ko wane ne ba. Muttaka dai ya bar jaki ya koma dukan taiki. Duk wanda ya ji yana Fulatanci ya shafa masa jinin, har da mutumin da bai taɓa riƙe makamin da ya wuce filaya ba.

Kowane ɗakin gwaji da nasa netwok. Abin da ke haɗa shi da sauran garuruwan ita ce rawuta, wani ɗan akwati mai ƙofofin kebul, aikinta nuna wa saƙo hanya. Tun farko da hannu aka rubuta mata hanyar: saƙon Bukkuyum ya bi eriyar Anka, shi ke nan. Ranar da iskar damina ta karkatar da eriyar ko batirin sola ya mutu, sai sakamakon gwaji, da sai ya bi ta Anka kafin a ba iyaye, ya tsaya cak. Iyaye su wuni a baranda da yara a cinya, alhali ga eriyar Gummi lafiya lau, ba mai bi ta kanta.

Hajiya Naja'atu, shugabar aikin da ke zaune a Anka, ta gaji da wannan. Ta ce a sa tsarin da rawutocin za su riƙa neman hanya da kansu. Kowace ta gai da maƙwabciyarta, ta faɗa mata hanyoyin da ta sani, in ɗaya ta toshe a kewaya ta ɗayar. Masu sana'ar OSPF suke ce masa. Ba wani abin wuya ba ne, Muttaka ko da ido ɗaya zai iya.

Ya kuwa yi. Ya kunna tsarin, ya shigar da adireshin netwok ɗinsa, kafin ya miƙe ƙafa rawutarsa da ta Anka sun gaisa sun san juna. Saura ƙofar da ke kallon Gummi. Nan ya zauna yana kallon allo. Wai na'urarsa ce za ta riƙa faɗa wa ta ɗan makiyaya wace hanya ce a buɗe. Ya fi kowa sanin hanyar saƙo daban, hanyar babur daban, ai karatunsa ke nan. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kuma a faɗi gaskiya, ba tsoron kaɗai ba ne, so yake ya ga Abdussamad ya ji kunya. Sai ya ƙara layi ɗaya, ya umarci rawutar ta yi gum a wannan ƙofa, kada ta gaisa, kada ta amsa.

Da Hajiya ta haɗa su a waya don jin inda aka kwana, Muttaka ya riga kowa.

"Hajiya, nawa ya yi. Ke ma kina ganin Bukkuyum daga nan. Matsalar can Gummi take."

"Malam Muttaka," in ji Abdussamad, "ni na duba nawa har na gaji. Tawa tana gaisuwa, taka ta ƙi amsawa. Ba ni kalmar sirrinka in leƙa daga nan."

"Ba ni ba kowa makullina. Wanda bai iya aiki nai ba shi hwaɗi, a kawo wani."

Hajiya ba mai son jan magana ba ce. Ta ce wa Abdussamad in mako ya ƙare Gummi ba ta hau tsarin ba, za ta nemo wanda zai iya. Abdussamad ya ce, "To gobe in sha Allahu ina tahowa Bukkuyum in gani da idona."

"Hanya a buɗe take," in ji Muttaka, ya kashe wayar.

Bai yi zaton zai zo ba. Wa ke hawa wannan hanya don layin kwamfuta? Mai babur kowane iri yana tafe ne da ransa a hannu, balle mai kama irin ta Abdussamad, wanda na daji ba su ƙyale ba, masu gadin hanya kuma ba su yarda da shi ba. Muttaka ya san haka sarai, ya kuma kwana lafiya.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo: "Na taso." Muttaka ya miƙe zumbur, ba don mutumin ba, don layin. Abdussamad ba wawa ba ne, kallo ɗaya zai yi wa allon ya gane. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Muttaka ya ja kujera ya goge layin. Bai gama sauke hannu ba rawutar ta gai da ta Gummi, ta Gummi ta amsa, hanyoyi suka jeru a allo. Har ya cire kebul ɗin Anka don gwaji, saƙo ya kewaya ta Gummi ya isa kamar ba a yi komai ba. Abin ya yi kyau, shi kansa ya ji haushin kyansa.

Yana iya kiran Abdussamad ya ce ya juya. Ya ɗauki wayar, ya ajiye. A bar shi ya sha rana da gargada, ya zo ya tarar da komai na aiki.

Wajen azahar wayar ta yi ƙara, sunan Abdussamad a kai. Muttaka ya taɓe baki ya kife ta a tebur. Ta sake ƙara, ta kuma sake, har mai gwajin jini ta leƙo ta ce ko ba zai ɗauka ba. Ya ce masu neman rigima ne. Ya sa ta a shiru ya tafi masallaci.

Sai bayan la'asar wata motar hatsi ta tsaya a ƙofa. Abdussamad ya sauko daga bayanta, ba babur, ba jakar kwamfuta. Rigarsa ta yage a kafaɗa, leɓensa a kumbure, hannunsa na dama naɗe cikin tsumma yana riƙe da shi a ƙirji. Matan da ke baranda suka ja yaransu jiki. Ya yi sallama, ya wuce kai tsaye inda rawutar take.

"Ya gyaru da kai nai," in ji Muttaka. "Tun da hantsi."

Abdussamad bai kalle shi ba. Ya sunkuya da ƙyar kan kwamfutar Muttaka da ke buɗe, ya sa yatsa ɗaya na hagu ya kira jerin umarnin da aka buga a ranar. Layin na nan a goge, da shaidar wanda ya goge shi.

Muttaka ya ɗebo ruwa a kofi ya miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Masu gadi sunka tare ni a mararraba," ya ce a hankali. "Sunka ga kwamfuta da kebul, sunka ce da su nike ba 'yan daji labari. Na ce musu aiki za ni. Babban nasu ya ce in kira wanda ya san ni a Bukkuyum, in ya shaide ni su sake ni. Na ce Muttaka, mutumin Zugu. Har ya yi murmushi, ya ce ya san yayanka, tare sunka yi noma."

Muttaka ya ajiye kofin a tebur, Abdussamad ya ci gaba.

"Shi da kai nai ya riƙe wayar a kunne. Ya yi haƙuri ƙwarai, ya yi ta sake kira. Da ya gaji, ya ce in aza hannu bisa kututture."

Abdussamad ya miƙe, ya gyara tsumman da haƙoransa. Mai gwajin jini ta ce ya tsaya a duba masa yatsun, ya bi ta ba musu. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ka kira Hajiya ka ce Gummi ta hau. Ka kuma ce ta nemo wani, ni hannuna ba ya aiki."

Muttaka ya juyo da wayar da ke kife tun azahar. Sunan na nan jere daga sama har ƙasa. A bayansa fitilun rawutar na ta ƙyafta ido, sakamakon yaran da ke baranda na wucewa lafiya.