Fitilun Bayan Gilashi

Karo na uku ke nan Injiniya yana ɗaga ƙwayar nan daga cikin wayar mai ɗinki. Ba ta fi kan ashana girma ba, amma ita ce ke karɓar 'yar wutar batir ta ƙara mata ƙarfi, ta raba wa fararen fitilun da ke bayan gilashi da kuma filashin kyamara. In ta ƙone, waya za ta yi ta ƙara alhali fuskarta baƙi ƙirin. Duk layin masu gyara shi kaɗai ke iya canza ta. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'ya biyu, da ita yake ciyar da sauran huɗun.

Sai dai wata uku ke nan yana ganin hayaƙi-hayaƙi. Ya canza ƙwan fitilar teburinsa sau biyu, ya tsine wa masu ƙera tabarau, ya ce wa mai ɗakinsa gajiya ce kawai. Irin mutanen nan ne da gara su yarda duniya ce ta dushe da su yarda idonsu ne. Tsoro yake ji ƙwarai, don ya san ranar da layin ya gane, aiki ya bar teburinsa ke nan.

Ya liƙa sabuwa da dalma, ya haɗa, ya kunna. Fuskar ta kawo, amma dishi-dishi.

"Alhamdu lillahi, ta kawo!" in ji mai ɗinkin, wadda ke zaune a benci tun safe. Duk hotunan ɗinkin da masu kaya suka turo mata suna ciki.

"Kawowa daban, haske daban, 'yata. Wannan rabin aiki ne."

"Baba, ni fa ina gani tar."

"Ke zare da allura kika sani. Zauna."

Dogo, mai sayar da rigunan waya a shagon gefe, ya leƙo. "Yaya, ba baiwar Allah wayarta mana. Ko so kake ta haska unguwa da ita?"

"Ranar da ka iya riƙe hantsaki, Dogo, ka zo mu yi magana."

Kusa da ƙwayar akwai wani ɗan mitsitsin abu da Injiniya ke kira birki, shi ke hana wuta yi wa fitilu yawa. Shekara ashirin yana faɗa wa kowa kada a taɓa shi. Yau ya lalube shi da bakin hantsaki ya cire, ya sa wanda ba ya riƙe wuta sosai, ya kunna.

Sai yanzu ya ga waya kamar waya. Har ya fara murmushi.

"Wayyo Baba, kashe ido take yi!" Mai ɗinkin ta kare fuska da gefen mayafi. Dogo ma ya kau da kai.

Gilashin ya ɗau zafi a tafin hannun Injiniya. Kusurwa ɗaya ta yi duhu, ɗayar ta bi, sannan komai ya mutu. Ƙauri ya tashi.

Injiniya ya fi kowa sanin yawan wutar da ke ƙona fitilun nan. Hasken da ya ishe shi da ƙyar, shi ne mutum biyu suka kasa kallo.

"Shi ke nan ta mutu?" in ji mai ɗinkin.

"Fitilun ne. Hotunanki na nan. Laifina ne, ki yafe ni."

Ya tattara wayar da kusoshinta a murfin gwangwani ya miƙa wa Dogo. "Raka ta wurin Gajere a ƙarshen layi, ya sa mata sabon gilashi. Ka ce in ji ni."

"Gajeren da kake ce wa mahauci?"

"Shi fa."

Dogo ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya dubi idanun Injiniya ya fasa. Suka tafi.

Injiniya ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa. Lafiyarsu ƙalau, ko rawa ba sa yi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Can wani ya tsaya a bakin shago ya yi sallama.

"Don Allah nan ne wurin mai gyaran hasken waya? An ce duk layin babu kamarsa."

Injiniya ya ɗaga kai wajen muryar. Bai iya gane ko saurayi ne ko dattijo ba.

"Ya tashi," ya ce. "Ƙarasa gaba."